Malama Mai Randa da Ɗakin Kaka

Duk wanda ya yi firamare a unguwar nan, in dai ba a bayan katanga ya ƙare karatunsa ba, ya bi ta hannun Malama Mai Randa. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, muryarta tana kaiwa bakin titi ko ba ta ɗaga ba. Ba ta taɓa riƙe bulala ba. Kallo ɗaya za ta yi wa yaro ta saman tabarau ya rasa inda zai sa kansa. Sunan kuwa ya samo asali ne daga wata tsohuwar randa mai tsagaggen baki da ta girke a ƙofar wani ɗaki a ƙarshen barandar makarantar. Ɗakin nan, wanda ta raɗa wa suna Ɗakin Kaka, shi ne aikin rayuwarta. Ta haifi 'ya'ya, ta aurar, ta ga jikoki, amma in kana so ka ga fuskarta ta washe, to tambaye ta Ɗakin Kaka.

Ubanta mai gyaran famfo ne, tun lokacin da sana'ar take da daraja, har ake ba shi kujera in ya shiga gida. Tana ƙarama aka ja bututu zuwa layinsu, shi kuma da hannunsa ya haƙa tsakar gidansu ya kafa famfo kusa da madafa. Kafin nan ita ce mai ɗebo ruwa, don ita ce babba, rijiyar kuwa tana can bayan kasuwa. Tun ba ta iya naɗa gammo ba take ɗaukar tulu, har gashin tsakiyar kanta ya zube, 'yan layi suna kiranta Mai Sanƙo. Ranar da uban ya murɗa kan famfon, sai da ya yi tari, ya yi kaki, ya tofo jan ruwa mai tsatsa, sannan ya saki fari tas. Uban ya dafa wuyanta da jiƙaƙƙen hannunsa ya ce, “To, 'yar baba, wuyan nan ya huta. Ke da tulu sai dai ki gan shi a hoto.” Uwarta kuwa ta kife randar gidan a bayan ɗaki, kaji suka riƙa hawa kanta.

Maganar nan ta uban ita ta riƙe har girmanta. A idonta aka kawo musu wutar lantarki. A idonta uwarta ta daina hawayen hayaƙi da aka sayo risho. Tana nan ranar da maƙwabcinsu ya shigo da firij, yaran layi suka yi dafifi don a ɗora musu ƙanƙara a tafin hannu. A wurinta duniya miƙaƙƙiyar hanya ce, an baro wahala a baya ana tafiya wajen sauƙi, kuma aikin malami shi ne ya nuna wa yaro inda aka fito don ya san darajar inda aka zo.

Da ta gama makarantar horon malamai aka ba ta 'yan aji biyu, ba ta kuma yarda an ɗaga ta daga nan ba har ta yi furfura. A littafin yaran akwai wani darasi, Gidajenmu Jiya da Yau. Shafi biyu ne kacal. A hagu an zana mace a durƙushe tana hura wuta, a dama an zana wata tana murmushi ƙarƙashin fanka, riƙe da dutsen guga mai igiya. Malama ta ce wannan ba koyarwa ba ce, yaro da hannu yake ganewa. Ta roƙi hedimastan lokacin ya ba ta ɗakin da ake jibge karyayyun bencina, ta share, ta yi masa farar ƙasa, sannan ta shiga unguwa gida-gida tana neman kayan da aka daina amfani da su.

Mata suka yi ta yi mata dariya. “Malama, albashin ne bai isa ba kika koma kwasar bola?” Amma suna dariyar suna fito mata da kaya daga ƙarƙashin gado da bayan ɗaki: dutsen niƙa, aci-balbal, fitilar ƙwai, tulu, mafici, ƙugiyar da ake ciro bokiti in ya faɗa rijiya. Mijinta, wanda kowa ke kira Baba Tela, ya ba ta keken ɗinkinsa na hannu, don ya sayi na lantarki yana ta fankama da shi. Ita ma ta ɗauko randar uwarta. Kowa ya miƙo abu sai ta gindaya masa sharaɗi.

“Ki sani fa, ba aro ba ne, ba ajiya ba ce. Abin da ya shiga ɗakin nan ya zama tarihi, ba ya komawa gida.”

“Wa zai neme shi, Malama? Kin ma rage mana shara.”

Ɗakin dogo ne, taga ɗaya gare shi, can a ƙurya. Malama ta jera kayan bisa shekarunsu. Bakin ƙofa, inda yake da duhu, nan ta sa dutsen niƙa da tulu da aci-balbal. A tsakiya fitilar ƙwai da keken hannu da dutsen guga na gawayi. A gindin tagar kuwa, inda haske yake, ta sa ubanta ya ja mata famfo, aikinsa na ƙarshe ke nan kafin ƙafa ta kwantar da shi, ta kuma sa aka rataya ƙwan lantarki, makunninsa ƙasa-ƙasa yadda hannun yaro zai kai.

Sau ɗaya a shekara take buɗe wa 'yan ajinta ɗakin, ranar kuwa ko mai zazzaɓi ba ya yarda a bar shi a gida. Yaro zai fara daga ƙofa. Ya durƙusa ya niƙa ɗan hatsi har hannunsa ya yi ja, a ɗora masa tulu da rabin ruwa ya yi taku kaɗan yana tangaɗi, ya ɗaga dutsen guga da hannu biyu yana nishi. Ana tuntsurewa da dariya, ana jiƙa riguna, 'yan mata suna toshe hanci don warin kananzir. In ya kai taga sai ya murɗa famfo ya wanke hannu, ya danna makunni ƙwai ya kama. Sannan Malama ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙugu.

“Daga ina muka fito?”

“Daga wahala.”

“Ina muka zo?”

“Sauƙi.”

Kada kuma wani ya ce ƙarya take koya musu. A lokacin gaskiya ce, yaran suna komawa gida su tarar da ita a tsakar gidajensu tana zuba.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa ba wanda ya ɗaga murya. Da fari ruwan ya koma zuwa da safe kaɗai. Daga nan ya koma sai ya ga dama. Mutane suka riƙa barin famfo a buɗe da bokiti a ƙasa, kamar mai jiran baƙon da bai faɗi ranar zuwansa ba. 'Yan hukumar ruwa suka ce gyara suke yi. Wane irin gyara ne yaro zai shiga firamare ya fita ana yinsa? Wutar ma ta bi sahu. In ta zo sai ka ji yara sun ɗauki sowa a layi, kafin mace ta jona dutsen guga ya yi zafi an ɗauke. Daga baya injin raba wutar da ke bakin titi ya ƙone, aka zo da mota aka kwance shi aka tafi da shi, wai za a kawo sabo. Wayoyin suna nan har yau, tsuntsaye suna hutawa a kai. Rijiyar bayan kasuwa da aka rufe da kwano aka sake buɗe ta, aka yashe, layi ya dawo.

Malama ta ga duk wannan, ba makauniya ba ce. Ita ma ta koma layin rijiya da jarka, da furfurarta da ciwon gwiwarta. Amma darasin Ɗakin Kaka ba ta canza masa ko wasali ba. Ta sa aka girka mata duro a kan bulo a bayan bangon ɗakin, aka haɗa shi da famfon da guntun tiyo. In ranar darasi ta matso sai ta riƙa ɗauko ruwa a kanta tana ɗurawa, don yaro ya murɗa ya ga ya zubo. Ƙwan kuwa ta sauya shi da ƙarami, ta haɗa da batirin tsohon babur ɗin mijinta.

“Malama,” in ji Baba Tela wata rana tana sauke jarka, “ni dai ban taɓa ganin famfon da ake yi wa dakon ruwa ba sai naki. Da albashi kike biyan sa ko shi yake biyan ki?”

“Ka ji da ɗinkinka.”

“Wane ɗinki? Keken lantarkin ga shi can na rufe shi da zane kamar gawa. Nawa na hannu kuwa matata ta kulle shi, wai ya zama tarihi. Ni ma ki kai ni ki jera, ki sa ni kusa da dutsen niƙa.”

“Kai a bakin ƙofa ma ba ka samu wuri ba, sai dai waje.”

Ya yi dariya, amma bai bar maganar da wasa ba, don daga baya sai da ya koma ɗinkin allura da zare yana facin riguna a ƙofar gida, idonsa yana ruwa.

Wadda ta fara zuwa neman kaya da gaske ita ce wata da ake kira Mai Wanki. Ita ma ɗalibar Malama ce a da. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wanki da guga ne cinsu da shansu, kuma autarta tana ajin Malama a shekarar, wata siririyar yarinya da ake kira 'Yar Tambaya don bakinta ba ya hutawa. Bayan an tashi daga makaranta Mai Wanki ta sami Malama a baranda, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi Baba Tela, ta tambayi gwiwa, sannan ta shigo da abin da ya kawo ta.

“Malama, dama dutsen gugan innata na zo ki ara min. Na baƙin ƙarfen nan, mai ɗan zakara a kan marfi.”

“Ina naki?”

“Na lantarkin yana ƙarƙashin gado, da shi nake fasa gawayi. Na sayi na gawayi a kasuwa, ashe gwangwani ne aka lanƙwasa. Jiya ya zubo min da garwashi a kan farar rigar mutane, rami kamar bakin kofi. Mai rigar ya ce ko gaisuwata ba ya so.”

“Allah ya kyauta. Amma innarki da bakinta ta ce ta ba tarihi.”

“Inna ta bayar lokacin da akwai wuta, Malama. Da ta san za a koma, ko zakaran ba za ta ba ki ba.”

“Ba a koma ba. Gyara ake yi.”

Mai Wanki ta ɗago kai ta dube ta. “Ina da cikin 'yar nan aka fara gyaran. Ga ta can a ajinki har ta yi giɓi.”

“In na ba ki, gobe mai dutsen niƙa za ta zo, jibi mai fitila. Me zan nuna wa yara?”

“Ki turo su gidana su gani, kyauta. Har fifita gawayin sai su taya ni.”

Malama ta tamke fuska ta ce sharaɗi sharaɗi ne. Mai Wanki ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce ta gode, Allah ya bar zakara da lafiya a inda yake, ta tafi. Malama ta daɗe a zaune da makulli a hannu. Ta san matar tana da gaskiya, ta kuma san yunwa ba ta jiran gyara. Amma a ranta, in dutsen nan ya fita ta ƙofar nan ya koma aiki, to ta yarda ke nan cewa maganar ubanta ta tashi a banza, kuma duk yaran da ta sa suka ce mata “sauƙi” yaudararsu ta yi. Wannan ne ta kasa haɗiyewa.

Magana ta bazu a unguwa. A layin rijiya mata suka riƙa yada habaici tana ji. Wata ta ce akwai masu ajiye ƙugiya a ɗaki da kwaɗo, bokitan mutane suna ruɓewa a ƙasan rijiya. Wata ta ce ai fitilar kakarta ta yi karatu, yanzu ta fi ƙarfin haska talaka. Malama ta yi kunnen uwar shegu da su, ta cika jarkarta ta wuce. Waɗanda ta koya wa baƙi da wasali ne fa duk, amma ba za ka ga laifinsu ba.

Ranar darasin shekarar ta zo. Malama ta cika duro, ta gwada batir, ta buɗe ƙofa. Tun a dutsen niƙa jikinta ya fara ba ta. Ba wanda ya yi dariya. Yarinya ta durƙusa ta niƙa hatsin lukui, ta tattara garin da gefen hannu ta miƙe, kamar mai jiran a ba ta wani aikin. Tulun da a da yake jiƙa riguna, waɗannan sai su naɗa gammo da kansu su ɗauka ba dafawa, ko ɗigo bai zuba ba. Ba wanda ya toshe hanci a wurin fitila. Wani ma cewa ya yi irin tasu ce, sai dai tasu ƙwan ya fashe an liƙe da takarda.

Da suka kai taga kuwa sai suka yi cirko-cirko. Na farkon ya murɗa famfon, ruwa ya zubo, ya yi maza ya rufe, ya dubi Malama a tsorace.

“Wanke hannunka mana.”

“A ƙasa zai zuba, Malama. Ba bokiti.”

'Yar Tambaya ta matso ta tara hannu ta kurɓa, ta juya shi a baki.

“Malama, ai ruwan bayan kasuwa ne. Ga ƙasa-ƙasar nan.”

“Ruwan famfo ne.”

“To ya aka yi ya shiga ciki? Ko shi ne wanda kika ɗebo ɗazu? Ai muna bayanki a layi ni da Mama.”

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, so take kawai ta sani. Malama ta ce a danna makunni. Aka danna, ɗan ƙwan ya kawo wani haske ja-ja kamar idon mara lafiya. Ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙugu ta yi tambayoyinta, yaran suka amsa yadda aka koya musu, wahala, sauƙi, kamar masu karanta lambar mota.

Ƙarshen zango aka yi jarrabawa. Takardar daga ofishin ilimi take zuwa, a ciki akwai hotuna, an ce yaro ya rubuta “na da” ko “na yanzu” a ƙarƙashin kowanne. Washegari Hedimasta ya aika a kira Malama. Shi ma ɗalibinta ne, ya taɓa jiƙa wandonsa da tulun nan har aka yi ta tsokanarsa. A gaban mutane tana ce masa ranka ya daɗe, in sun keɓe kuwa “kai yaron nan”.

“Mama, kin ga abin da 'ya'yanki suka yi?”

Ya baje takardun a tebur. Ƙarƙashin famfo, na da. Ƙarƙashin fanka, na da. Ƙarƙashin rijiya da murhu da fitilar ƙwai, na yanzu. Kusan ajin gaba ɗaya, da ƙwararru da daƙiƙai, kamar sun haɗa baki. A takardar 'Yar Tambaya har da ƙarin bayani da karkataccen rubutunta a gefen hoton famfon: kakata tana da shi da.

“Amsar ofis ta ce famfo na yanzu ne,” in ji Hedimasta. “Sai ki sa musu jan biro.”

“Kai yaron nan, da me ka yi wanka yau?”

Ya sosa ƙeya. “Da bokiti.”

“Ruwan daga ina?”

“Mama, kada ki sa ni a tsakiya. Takardun nan ofis za su koma. In suka ga mun ba rijiya maki, ni za a kira, ba ke ba.” Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, “Kuma ke kika koya mana haka. Ni abin da kika koya min nake bi.”

Su waɗanda suka tsara takardar, a gidajensu akwai tanki a sama da janareto a baya, don haka a wurinsu littafin bai yi ƙarya ba. Yaron da ya tashi da jarka a ka shi ne zai ci sifili don ya faɗi abin da idonsa ya gani. Malama ta ɗauki jan biron ta riƙe, ta dubi takardar farko, ta ajiye. Ta ce hannunta yana ciwo. Hedimasta ya ja takardun gabansa ya yi aikin da kansa, tana zaune tana jin ƙarar biron.

Ranar da aka raba sakamako Mai Wanki ta dawo, wannan karon ba durƙuso. Ta riƙo 'yar a hannu, idon yarinyar ya kumbura don kuka.

“Malama, dutse kin hana ni, na haƙura, masu kawo min wanki sun watse, na haƙura. Yanzu kuma 'yar da nake wahalar don ita an ce ta faɗi. Na dake ta kafin in tambaya, sai da ta nuna min takardar. Ki faɗa min inda ta yi kuskure, ni ma in sani, don ni ma amsar da zan bayar ke nan.”

Malama ta dubi yarinyar, ta ga tsakiyar kanta inda gashin ya fara zubewa, daidai wurin zaman jarka. Ta kwance makullin daga bakin gyalenta ta miƙa wa uwar.

“Je ki ɗauka. Ki bar ƙofar a buɗe.”

Mai Wanki ba ta yi godiya ba, Malama ma ba ta jira godiya ba. Kafin rana ta yi sanyi labari ya kai layin rijiya. Mata suka riƙa zuwa, wasu da kunya, wasu ko sallama babu. Mai ƙugiya ta ɗauki ƙugiyarta. Aka yi cacar baki a kan fitilar ƙwai, don jikoki biyu kowacce ta ce ta kakarta ce. Dutsen niƙa sai da aka kawo baro. Wata tsohuwa ta ɗauki aci-balbal tana juya shi, ta ce ashe za su sake haɗuwa. Baba Tela ya zo a ƙarshe, yana tafe yana waige kamar ɓarawo, ya rungumi kekensa.

“Malama, in ɗauka, ko in jira ki juya baya?”

“Ɗauki. Ka aiko a ɗaukar min randar ma, jarka tana sa ruwa wari.”

Malama ta tsaya a baranda har aka gama. Ba ta hana kowa ba, ba ta kuma taya kowa ba. Da ta leƙa, ba abin da ya rage sai shatin kaya a ƙasa, da famfo da ƙwai a gindin taga, su kaɗai ne ba wanda ya nema. Duron ma Hedimasta ya roƙa aka kai masa gida.

Da aka dawo hutu aka ba ta sababbin 'yan aji biyu, ajinta na ƙarshe kafin ta ajiye aiki. Darasin yana nan a littafi, da matar nan mai murmushi, dole a koyar. Malama ba ta da abin nunawa, sai ta ce kowa ya tambayi iyayensa wani tsohon abu da aka daina amfani da shi a gida, ya kawo. Ba ta sa rai da komai ba.

Suka kawo kuwa, har da rige-rige. Kawunan famfo sun fi yawa, wasu da tsatsa, wasu da ƙyallinsu. Makunnin wuta da aka ɓalle daga bango. Fiffiken fanka. Farantin roba mai gida-gida, wanda yarinyar da ta kawo ta ce uwarta tana zuba maɓallai a ciki, amma an ce da can na wani abu ne. Wani yaro ya kawo wani faffaɗan ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, ya ce babansa ya ce a tambayi Malama, ita za ta sani.

Malama ta zaunar da su a ƙasa a cikin ɗakin, ta tara kayan a gabanta. Ta ɗaga farantin ta ce a nan ake zuba ruwa a sa a firij, ya daskare ya zama ƙanƙara, a cikin gida, ko da rana ta take. Suka dubi juna. Ta ɗaga mai hujin.

“Wannan kan shawa ne. A banɗaki ake kafa shi, sama da kan mutum. In ka shiga wanka ba ka ɗaukar bokiti. Murɗawa za ka yi, ruwa ya riƙa zubo maka daga sama kamar ruwan sama, har sai ka gaji ka rufe.”

“Wa yake hawa sama ya zuba?”

“Ba kowa. Da kansa yake zuwa.”

“Wanda ya zuba a ƙasa fa, wa yake tarewa?”

“Ba a tarewa. Tafiya yake yi.”

Can daga baya wata 'yar ƙaramar murya ta ce, “Ta zo mu ji ta.” Ajin ya fashe da dariya, suka gyara zama, suka matso, wasu suka yi tagumi, sun ɗauka tatsuniya Malama ta fara. Ta dube su ta saman tabarau, irin kallon nan nata, amma ba wanda ya sunkuyar da kai, don ba su san sun yi laifi ba. Ta yi niyyar ta ce musu gaskiya ce, da idonta ta gani, da jikinta ta yi wankan. Sai ta ga ba ta da abin da za ta kafa hujja da shi. Ta ci gaba kawai. Ta ba su labarin gidajen da ake danna bango haske ya zo, da iskar da ke juyawa a rufi ba mai fifita, da 'yan matan da gashin kansu ba ya zubewa. Ba ta taɓa samun ajin da ya saurare ta haka ba.

Da ta yi shiru, yaron da ya kawo kan shawar ya ɗaga hannu.

“Malama, a ƙarshe me ya sami mutanen?”

“Ba abin da ya same su. Suna nan. Su ne iyayenku.”

Suka sake yin dariya, sun ɗauka cikin labarin ne. Aka kaɗa ƙararrawa, suka zabura suka fice da gudu, don wanda ya makara a layin rijiya laka yake samu. Yaron ya dawo da baya ya tsaya a ƙofa.

“Malama, in tafi da abin? Mama tana tace gari da shi.”

Ta miƙa masa.